Faɗaɗa Wi-Fi a Cikin Gida

Faɗaɗa Wi-Fi shi ne duk wata dabara da ake bi domin siginar intanet marar waya ta kai sassan gidan da na'urar rauta, wato akwatin da ke watsa Wi-Fi, ba ta iya kaiwa ita kaɗai. Fasahar ta ginu ne a kan ƙa'idar IEEE 802.11 da aka fitar a 1997, kuma yawancin na'urorin gida suna aiki a zango biyu: 2.4 GHz, wanda ya fi tafiya nesa da ratsa bango, da 5 GHz, wanda ya fi sauri amma bai cika nisa ba.

A garin Bauchi matsalar ta fi fitowa a gidajen da aka gina sashe-sashe, inda falon maigida ke bakin ƙofa, ɗakunan iyali kuma suna can bayan tsakar gida. Bangon bulo, ƙofar ƙarfe da tankin ruwa duk suna rage ƙarfin sigina, shi ya sa za a ga yaro tsugune a gindin tagar falo da waya a hannu, alhali a ɗakin mahaifiyarsa ko saƙo ba ya fita. Rautar da ke aiki da layin waya kuma tana da buƙatu biyu masu karo da juna, domin tana son bakin taga don ta kamo sabis, gida kuwa yana son ta zauna a tsakiya, a wuri mai tudu.

Hanya mafi araha ita ce rifita, wadda ke karɓar sigina ta sake watsa ta. Ana sanya ta ne a tsakanin rauta da inda sigina ta mutu, ba a cikin ɗakin da babu sigina ba, kuma irin mai rediyo ɗaya, wato wadda ke karɓa da watsawa da sashe guda, takan rage sauri da kusan rabi. Tsarin mesh, wato na'urori da yawa masu watsa Wi-Fi da suna ɗaya, ya fi ta inganci da tsada.

Abin da ya fi dacewa da gida mai sassa shi ne a ja kebul na Cat5e ko Cat6, wanda ke aiki har tsawon mita 100, a haɗa shi da wata rauta a ɗaya sashen. Ya kamata a rufe kebul ɗin cikin bututu saboda rana da damina. Kowace na'ura da aka ƙara tana buƙatar wuta, don haka gidajen da ke da sola ko inbata sukan ɗora su duka a kai, kada ɗaukewar wuta ta yanke wani sashe.