Shin mai kanti a Amurka ba zai iya hana shiga da bindiga ba?

An daɗe ana cewa tunda tsarin mulkin Amurka ya ba mutum 'yancin riƙe bindiga, mai kanti ba shi da ikon hana wanda ya rataya ta a ƙugu shiga shagonsa. Ba haka abin yake ba.

Gyara na biyu na tsarin mulkin, wanda ya tanadi wannan 'yanci kuma aka amince da shi a 1791, gwamnati yake taka wa birki. Kanti kuwa mallakar mai shi ne. Idan ya ce ka fita ka ƙi, ka shiga laifin kutse. A jihar Texas har doka ta fayyace yadda allon hana shiga da bindiga zai kasance: da Turanci da Sifaniyanci, haruffan kuma tsayinsu ya kai inci 1.

To me ya sa ake ganin masu bindiga a manyan kantuna? Abokan ciniki sun kasu biyu, wasu na tsoro, wasu na ganin haƙƙinsu ne. Sai kamfanoni da yawa su zaɓi roƙo maimakon hani, don kada a tura mai karɓar kuɗi ya tunkari mai makami.

Don tantancewa, duba dokar jihar a intanet, domin kowace jiha da tata, sannan ka lura ko sanarwar ƙofa roƙo take yi ko hani. Ku tura wa 'yan uwa su ma su sani.