Juriyar Kasuwanci a Zamanin Rashin Tabbas

Juriyar kasuwanci ita ce ƙarfin da kamfani ko ɗan kasuwa yake da shi na ci gaba da aiki, ko na farfaɗowa cikin hanzari, idan wani abin da ba a yi zato ba ya afka wa harkarsa, kamar yaƙi, annoba, girgizar ƙasa, gobara, faɗuwar darajar kuɗi ko sauyin dokar gwamnati na ba-zata. Masana harkokin kasuwanci sun daɗe suna nazarin wannan batu, amma ya ƙara jan hankali bayan rikicin kuɗi da ya girgiza duniya a 2008, da girgizar ƙasar Japan ta 2011, da kuma annobar korona ta 2020. Tushen fannin shi ne amincewa da cewa manyan musibu ba sa sanar da ranar zuwansu, saboda haka aikin shugabannin kamfani shi ne su tsara harkarsu ta yadda za ta ɗauki dukan da ba a san daga inda zai fito ba.

Haɗari da rashin tabbas

A 1921 masanin tattalin arzikin Amurka Frank Knight ya bambanta abubuwa biyu da mutane suke yawan cakuɗawa. Na farko shi ne haɗarin da ake iya aunawa da lissafi: kamfanin inshora bai san wane shago ne zai ƙone a bana ba, amma daga alƙaluman shekarun baya yana iya ƙiyasta shaguna nawa ne cikin dubu za su ƙone, ya kuma sa kuɗin da ya dace. Na biyu shi ne rashin tabbas na ainihi, inda babu tarihin da za a jingina da shi, domin abin bai taɓa faruwa ta wannan siga ba. Haɗari na farko ana iya sayar da shi ga mai inshora, na biyun kuwa yana nan a wuyan mai kasuwa, kuma shi ne abin da juriyar kasuwanci ta fi mayar da hankali a kai.

Tsara labaran gobe

Daga cikin dabarun da suka fi shahara akwai tsara labarai daban-daban na yadda gobe za ta iya kasancewa, maimakon dogaro da hasashe guda. Dabarar ta samo asali ne daga aikin Herman Kahn a cibiyar bincike ta RAND a shekarun 1950, inda ake nazarin yadda yaƙin nukiliya zai iya kayawa, sannan kamfanin mai na Shell ya shigo da ita harkar kasuwanci. A farkon shekarun 1970 wani Bafaranshe mai suna Pierre Wack, wanda yake aiki a sashen tsare-tsare na kamfanin a Landan, ya gabatar wa shugabanni labarin da a cikinsa ƙasashe masu arzikin mai suka karɓe ikon tsayar da farashi, a lokacin da galibin kamfanonin mai suke ganin farashin zai ci gaba da zama a kwance kamar yadda aka saba. A watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka sa takunkumin mai sakamakon yaƙinsu da Isra'ila, farashin ganga ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Wack bai faɗi ranar da abin zai faru ba, kuma shi da kansa ya sha nanata cewa manufarsa ita ce sauya tunanin manajoji, domin wanda ya riga ya tattauna yiwuwar abu ba ya ɓata makonni yana musun abin da idonsa yake gani.

Darasin Toyota

Babu kamfanin da ya fi Toyota nuna yadda tsimi da juriya suke ja-in-ja. Bayan yaƙin duniya na biyu, injiniyan kamfanin Taiichi Ohno ya jagoranci kafa tsarin da ake kawo kowane kayan haɗi daidai lokacin da za a ɗaura shi a jikin mota, ba tare da an jibge kaya a sito ba. Hikimar ita ce kayan da suke kwance a sito jari ne da aka ɗaure, suna cin haya, suna kuma ɓoye kurakuran da ya kamata a gano da wuri. Tsarin ya rage tsadar ƙera mota ƙwarai, har kamfanoni a ko'ina cikin duniya suka kwaikwaye shi. Sai dai mota guda tana ɗauke da kayan haɗi kusan 30,000, kuma rashin ɗaya daga cikinsu yana iya tsayar da masana'anta baki ɗaya.

An ga haka ranar 1 ga Fabrairun 1997, lokacin da gobara ta cinye wata masana'antar kamfanin Aisin a garin Kariya na ƙasar Japan. Wannan masana'anta ce take ƙera kusan dukkan wani ɗan ƙaramin bawul na birki da motocin Toyota suke amfani da shi, abin da yake hannun Toyota kuwa bai wuce na 'yan kwanaki ba, don haka aka dakatar da haɗa motoci. An yi fargabar tsayuwar za ta kai makonni, amma kamfanoni kimanin 200 suka taru a kan matsalar, Aisin ya raba musu zanen bawul ɗin, har da kamfanin Brother da aka fi sani da keken ɗinki ya shiga ƙera shi, kuma cikin kusan mako guda aka koma aiki. Abin lura a nan shi ne an fara aikin ne kafin a zauna maganar wanda zai biya nawa, sai daga baya aka yi lissafi. Dangantakar shekaru da amana tsakanin Toyota da masu kawo masa kaya ce ta tsaya a madadin siton da ba shi da shi.

Girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta ranar 11 ga Maris 2011 ta zo da darasi mafi ɗaci. Toyota ya san kamfanonin da suke sayar masa da kaya kai tsaye, amma bai san sosai waɗanda suke sayar wa waɗannan ba, balle na bayansu. Sai bayan musibar aka gano cewa hanyoyi da yawa da ake zaton daban-daban ne suna komawa ga tushe guda, misali masana'antar Renesas da take Naka a lardin Ibaraki, kamfanin da a lokacin yake ƙera kimanin kashi 40 cikin ɗari na ƙananan ƙwaƙwalen lantarki da motocin duniya suke aiki da su. Kamfanonin motoci sun tura dubban ma'aikata don taya gyaran masana'antar, amma duk da haka sai da Toyota ya shafe kusan wata shida kafin aikinsa ya daidaita. Daga nan ya gina rumbun bayanai na masu kawo kaya tun daga na kusa har na can nesa, ya ware kayan haɗin da rashinsu zai fi yin illa, ya kuma buƙaci masu kawo masa ƙwaƙwalen lantarki su riƙa ajiye na wata biyu zuwa shida. Wato kamfanin da ya koya wa duniya ƙyamar sito shi ne ya koma yin ajiya, amma a inda ya auna ya ga ta zama dole kawai.

Amfanin wannan ya fito fili shekaru goma bayan haka, lokacin da ƙarancin ƙwaƙwalen lantarki ya biyo bayan annobar korona, ya tilasta wa manyan kamfanonin motoci rufe masana'antu. Toyota ya daɗe yana aiki bayan abokan hamayyarsa sun tsaya, kuma a 2021 ya sayar da motoci a Amurka fiye da General Motors, wanda yake kan gaba a cinikin motoci a ƙasar tun 1931. Ajiyar ba ta hana shi shan nasa rabon ba, domin a watan Satumba na wannan shekara ya rage aikinsa da kimanin kashi 40 cikin ɗari bayan cutar ta rufe masana'antu a Biyetnam da Malesiya, amma ta saya masa watanni da wasu ba su samu ba.

Saurin isar labari mara daɗi

A watan Maris na 2000 tsawa ta haddasa 'yar gobara a masana'antar Philips da take Albuquerque a jihar New Mexico ta Amurka. An kashe wutar cikin mintoci kaɗan, amma hayaƙi da ruwa sun gurɓata ɗakunan da ake ƙera ƙwaƙwalen wayar salula, waɗanda ko ƙura ba a yarda ta shiga ba. Nokia da Ericsson duk suna sayen kaya a can, kuma duk an shaida musu cewa jinkirin ba zai wuce kamar mako guda ba. A Nokia labarin ya isa ga manya nan da nan, aka kafa tawagar da ta bi diddigin lamarin, ta sauya zanen wasu kayan, ta kuma kama sauran masu ƙera irin kayan tun kafin kowa ya farga. A Ericsson labarin ya daɗe a hannun ƙananan jami'ai, kafin a ankara kasuwa ta ƙare, kamfanin ya yi asarar cinikin da aka ƙiyasta a kan dala miliyan 400, kuma a 2001 ya haɗe sashen wayoyinsa da na Sony. Gobarar ba ita kaɗai ta jawo haka ba, amma ana koyar da labarin ne don nuna cewa kamfanin da ma'aikaci yake tsoron kai wa shugabansa mummunan labari yana asarar kwanakin da suka fi kowanne daraja.

Hanyoyin sufuri ma suna da irin wannan ƙunci. Jirgin dakon kwantena na Ever Given ya toshe mashigin Suwez na ƙasar Masar kwana shida a watan Maris na 2021, jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko, sannan daga ƙarshen 2023 hare-haren 'yan Huthi a tekun Bahar Maliya suka sa jirage da yawa zagayawa ta kudancin Afirka, abin da yake ƙara kwana goma ko fiye a kan tafiya.

Tsabar kuɗi, bashi da darajar kuɗi

Kamfanoni da yawa suna durƙushewa ne alhali kasuwancinsu mai riba ne a takarda, saboda kawai kuɗin biyan albashi da bashi sun yanke kafin ciniki ya dawo. Shi ya sa ake auna juriya da yawan watannin da kamfani zai iya ɗauka yana biyan wajibansa idan ciniki ya tsaya cak, da kuma irin kuɗin da ake bin sa bashi da su. Najeriya ta ba da misali mai tsanani a 2023. Shekarar ta buɗe da ƙarancin takardun kuɗi sakamakon sauya fasalin naira, ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, inda dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Kamfanoni irin su MTN Nigeria da Nestlé Nigeria, waɗanda cinikinsu da naira yake amma wani kaso na wajibansu da dala, sun bayyana asara a shekarar duk da cewa cinikinsu bai tsaya ba, yayin da kamfanin magunguna na GSK da na kayan masarufi na Procter & Gamble suka sanar da rage harkokinsu na kai tsaye a ƙasar.

Ga ɗan kasuwar Kantin Kwari ko na Singa a Kano, matsalar ta fito ta wata fuskar: wanda ya sayar da hajarsa a kan farashin da ya saro, ko da ya ɗora riba, sai ya koma saro ya tarar kuɗin ba za su dawo masa da yawan kayan da ya fitar ba, wato ya ci uwar kuɗi yana zaton riba yake ci. Wannan ne ya sa da yawa suka koma sa farashi gwargwadon abin da saro na gaba zai ci, suka rage ba da kaya bashi mai dogon wa'adi. A watan Yulin 2023 kuma juyin mulkin Nijar ya jawo takunkumin ECOWAS, aka rufe iyakokin Jibiya da Illela har cikin 2024, wanda duk harkarsa ta rataya a kan hanyar Maraɗi ko Birnin Ƙonni kaɗai ya fi kowa jin jiki. Hausawa suna cewa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abokin hulɗa na biyu, ko hanya ta biyu, ba a samun su ranar da ta farko ta toshe, domin a ranar kowa nema yake.

Iyakokin dabarun

Juriya tana da tsada, kuma tsadar tana bayyana a kowane wata alhali amfanin ba ya bayyana sai ranar da musiba ta zo. Kayan ajiya suna ɗaure jari, suna iya lalacewa ko su tsufa. Raba saye tsakanin masu kawo kaya biyu yana hana samun rangwamen mai sari da yawa. Kuɗin da aka ajiye a lokacin hauhawar farashi narkewa suke yi. Manajan da ya yi wannan tanadi yakan bayyana a idon masu hannun jari kamar mai almubazzaranci a shekarun da lafiya take, shi ya sa kamfanoni sukan tara ajiya bayan kowace musiba, su kuma zubar da ita da zarar an manta. Masu suka suna ƙara da cewa labaran da ake koyarwa na waɗanda suka tsira ne, kuma ba koyaushe ake iya raba hikima da sa'a a cikinsu ba.

Girman kamfani ma yana da tasiri. Toyota yana da ƙarfin da zai sa masu kawo masa kaya su riƙe ajiyar wata shida, yana kuma biyan wani ɓangare na tsadar, mai ƙaramin shago kuwa wanda jarinsa gaba ɗaya yake juyawa cikin mako biyu ba shi da rarar da zai kwantar. Abin da irinsa ya fi dogara da shi shi ne adashi, da maigidan da zai ba shi kaya ya sayar ya kawo kuɗi, da ƙungiyar 'yan kasuwa da takan tara wa wanda gobara ta cinye shagonsa abin da zai sake tayar da jari.