Mene ne kundin tafiya, kuma me yaro ke zubawa a ciki?

Gab da dogon hutun bana wata malamar firamare a nan Agege ta ce wa 'yan ajinta kowa ya dawo mata da kundin tafiyarsa a watan Satumba. Maƙwabciyata ta tare ni a bakin famfo, ta ce, "Yaya, wai wane littafi ne kuma ake so mu saya?" Na ce mata ba na saye ba ne, na cikawa ne, kuma yaron ne zai cika shi da hannunsa.

Kundin tafiya littafin rubutu ne da yaro yake riƙewa idan an yi bulaguro da shi. A ciki yake sa kwanan wata, da inda aka tashi da inda aka sauka, da abin da idonsa ya gani, kunnensa ya ji, bakinsa ya ɗanɗana. Yana iya zane, yana iya liƙa tikitin mota ko busasshen ganyen wata bishiya da bai taɓa gani ba. Wasu na cewa littafin tafiya, amma ni na fi son kundi. A wurin malamanmu na zaure, kundi shi ne tarin takardun da malam yake adana abin da ya tsinta wurin malamai daban-daban a yawon neman ilimi, ba a jere suke ba, ba kowa yake nuna wa ba, kuma nasa ne shi kaɗai. Haka na yaro ya kamata ya zama.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ɗaya daga cikin tsofaffin labaran da aka rubuta da Hausar boko labarin tafiyar wani yaro ne, Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda ya bi Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth ya ƙetare Sahara har Ingila a 1855. A can ya ba wani ɗan mishan mai suna Schön labarin rayuwarsa da Hausa, shi kuma ya rubuta. Dorugu bai kai shekara 20 ba a lokacin. Abin da ya sa har yau ake karanta shi, idon yaro ne: yana lura da yadda mutane ke cin abinci da yadda suke zama, abubuwan da babba zai wuce bai ɗaga kai ba.

To, yaranmu na Legas suna da tafiyar da yaran Kano ba su da ita, sai dai ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. Duk shekara, ko da Sallah ko da hutu, ana ɗiban yaran Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende a nufi gida. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne, kuma a wannan hanyar ƙasa tana sake riga a gaban idon mutum. A fita cikin kurmi, ga kwakwar manja, ga goro a yankin Shagamu, goron da ya kawo kakanninmu da yawa ƙasar Yarabawa. A wuce Ibadan da Ogbomosho, kafin a bar Ilorin daji ya fara buɗewa, kaɗanya da ɗorawa sun bayyana. A Jebba a haye kogin Kwara. Daga Mokwa kunne ya fara jin Nufanci a tasha maimakon Yarabanci. Can gaba sai kuka, sai gonakin dawa da gero. Wanda ya bi ta Lakwaja kuwa zai ratsa garin da Kwara da Binuwai suka haɗu, in ya wuce Abuja ya ga Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100. Duk wannan yana cikin littafin makarantarsu, amma yaro yakan yi tafiyar kansa a sunkuye kan wayar uwarsa, ya isa bai san ya ƙetare kogi ba. Wannan abin yana ci mini rai.

Da na ba 'yar ƙanwata littafi mai ganye 40 da fensir a tafiyar bara, ga irin abin da ta rubuta: "Mun tsaya an sayi doya. Matar ba ta jin Hausa, Kawu ya yi ciniki da yatsu. Ƙasar nan ja ce." Layi uku ne kawai, amma akwai harshe a ciki, akwai kasuwanci, akwai kallon ƙasa. Da muka isa sai ta tambayi kakarta, "Hajiya, me ya sa kuka ba ta fitowa a Legas?" Aka kwashe rabin dare ana zancen damina da fari, da yadda kuka ke ajiye ruwa a jikinta. Amfanin kundin ke nan, yana haifar da tambaya, tambayar kuma tana sa tsofaffi su buɗe baki.

Lissafi ma yana shiga da kansa. A sa yaro ya rubuta ƙarfe nawa aka tashi, ƙarfe nawa aka isa, nawa aka sayar da ƙwaryar doya a hanya, nawa take a Mile 12.

Akwai kuskuren da iyaye kan yi, kuma shi yake kashe abin tun a rana ta biyu: su mayar da kundi aikin gida. A karɓa da jan biro, a ce nan ba haka ake rubutawa ba, can ba a sa aya ba. Yaron da aka yi wa haka zai koma rubuta abin da yake jin ana so, ya daina rubuta abin da ya gani. A bar shi. In bai iya rubutu ba tukuna, ya yi zane, uwa ta rubuta maganarsa a ƙasa yadda ya faɗe ta, kada ta gyara. In ɗan makarantar allo ne, ya yi da ajami. Ni dai shawarata a kwaɗaita masa yi da Hausa. Yaran da aka haifa a nan Turanci suke karatu da shi, Yarabanci da broka suke wasa da su a layi, Hausa sai a cikin ɗaki, kuma da yawansu ba su taɓa rubuta ƙ ko ɗ ba. Kundin tafiya zuwa gida shi ne wurin da ya fi dacewa su fara, don a can ne za su ji sunayen da babu su a Legas, irin su rumbu, ɗinya, kwarkwaro da gayya.

Na san mafi yawanmu motar dare muke shiga, yaro ba ya ganin komai sai fitilu. Ba laifi, ya rubuta abin da ya gani a tasha kafin tashi, da inda gari ya waye musu. Kuma ba sai an je Arewa ba. Jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan, wanda aka buɗe a 2021, yana tsayawa a Agege, yana kuma tsayawa a Abeokuta inda Dutsen Olumo yake. Gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan yana nan tun 1957. A Badagiri akwai tsohon benen da 'yan mishan suka gina a 1845, da hanyar da ake bi da bayi zuwa bakin teku, wurin da ya kamata babba ya tsaya kusa da yaro ya amsa masa tambayoyinsa a tsanake. Ko ƙetare gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 ya isa cika shafi, in aka ce wa yaro ya leƙa ya ga gidajen Makoko a kan ruwa.

Maƙwabciyar tawa dai ta sayi littafi biyu, ɗaya na ɗanta, ɗaya na ƙanwarsa mai shekara 5 da ta kafe sai an ba ta nata. Sun tafi Zariya. Shafin farko na ƙaramar zanen shanu ne a cikin tirela, ta gan su suna gangarowa Kudu lokacin da su suke hawa Arewa, kuma ta sa uwar ta rubuta mata a ƙasa: "Ina za su?"