Tsohon Gida, Teburin Gwanjo: Amsoshin Da Na Gaji Da Maimaitawa

Tun da gwamnati ta fara sayar da gidajenta a zamanin Obasanjo, tsofaffin gidajen Turawa na GRA da kwatas-kwatas na ma'aikata suka riƙa faɗawa hannun mutane. Wanda bai rushe nasa ba sai ya tarar da wani ɗaki tsakanin falo da kicin, wanda don cin abinci aka gina shi, ya shiga neman tsofaffin kayan da za su dace da gidan. Ni kafinta ne a Kaduna, gyaran irin waɗannan kaya shi ne rabin aikina. Tambayoyin nan na amsa su har bakina ya bushe.

Tebur mai cin mutum nawa zan saya?

Auna ɗakin tukuna. Kowane mutum yana bukatar ƙafa 2 a gefen tebur, sannan a bar ƙafa 3 tsakanin tebur da bango don a iya jan kujera. Ƙofa ma a auna ta. Na taɓa kwance ƙafafun tebur a tsakar gida da rana tsaka, saboda sai da Alhaji ya biya kuɗi sannan ya tuna ƙofarsa inci 30 ce.

Dillali ya rantse mini na zamanin Turawa ne.

In kika ƙara masa dubu biyar zai ce Gwamna Lugga ya ci tuwo a kansa. Hajiya, sa a kifa teburin ki duba cikinsa. In kika ga katakon nan na garin zarto da aka matse, na jiya ne. Noti mai kan kuros bai yaɗu ba sai daga shekarun 1930, don haka ko dai kayan bai kai yadda ake faɗa ba, ko an taɓa gyara shi. Kayan da PWD, wato tsohuwar ma'aikatar ayyuka, ta yi wa gidajen gwamnati ba sa ɓuya: katako zalla, yawanci iroko ko mahogani, nauyi kamar jaki, babu ado, kuma fafe rami aka yi aka zura bakin katako a ciki, ba ƙusa aka buga ba.

Dole kujerun su zama iri ɗaya?

A'a. Tsayinsu dai ya zo ɗaya, wajen inci 18 in teburin inci 30 ne. Mai kushin kuwa a yage tsohon yadin da soson a ƙone kafin ta shiga gida, sai dai in kuna sha'awar kuɗin cizo.

Na ga ƙananan huji a jikin ƙafar teburin. In saya ko in bari?

To, nan ne ba zan yi saurin amsa ba, domin ya danganta. Da farko a bambance gara da ƙwaron katako, mutane suna haɗa su. Gara daga ƙasa take hawowa, tana gina hanyarta da laka, ta cinye ciki ta bar fatar waje. Ƙwaro kuwa a cikin katakon yake zaune, hujinsa kamar an soka tsinke, yana zubo gari mai laushi.

Huji kaɗai ba ya nuna yana raye. Mai yiwuwa ya fita shekara talatin da suka wuce. Tsohon huji bakinsa ya yi duhu, sabo kuwa fari ne tas. Abin da nake yi, in share ƙasa, in shimfiɗa baƙar leda a ƙarƙashin ƙafar, in bar ta mako biyu. In na ga gari ya taru, akwai mai gida a ciki. Amma ko ban gani ba, ba na rantsuwa, don tsutsar tana iya daɗewa tana ci ba ta fito ba. Dillali kuma ba zai ba ki mako biyu ba, sai dai ki ƙwanƙwasa wurin da bayan cokali, ki soka tsinin wuƙa. In ya nutse kamar burodi, bar masa kayansa, musamman in a mahaɗar ƙafa ne, inda nauyi yake sauka.

In ɓarnar a gefen katako ɗaya take, inda ya fi haske, sau da yawa da sauƙi: ƙwaron ya fi son wannan ɓangaren, zuciyar iroko ba ta cika ba shi sha'awa ba, sai a cire wancan a sa wani. Katakon obeche kuwa ko'ina ci yake, ban cika ba da shawara ba. Wasu suna naɗe kayan a baƙar leda su shanya a ranar Afrilu, zafin da ya kai digiri 55 har cikin katako yana kashe su. Yana yi, amma yana iya sakin tsohon gam, ya kuma tsaga saman teburin, don haka kujera zan yi wa wannan, ba tebur ba. Masu shafa baƙin mai ko maganin ƙwari na gona, ku ji tsoron Allah, a kan abin nan yaranku za su ci abinci.

Sannan ki duba gidan kansa. In gara tana cin silin da ƙyauren ƙofa, teburin ne zai zama na gaba komai lafiyarsa.

Zan sa a goge shi da inji a fesa masa fenti mai sheƙi.

Me ya kai ki sayen tsoho? Wannan duhun da kike son kankarewa shi kika biya. Tsumma mai ɗan danshi da sabulu, ya bushe, sai man goge katako. In kuma tsohon fenti ne a jiki, kada a bi shi da sanfefa a cikin gida, fentin zamanin da yakan zo da dalma. Wanda ya tuna yaran Zamfara a 2010 ya san abin da ƙurar dalma take yi.

Na Turai da ake shigowa da su fa?

Suna da kyau, amma a ƙasar sanyi da laima suka tsufa. Hunturu ɗaya sai ki ji ƙas cikin dare, saman ya tsage, fallen katakon da aka manna ya fara ɗagowa. Kada hankalinki ya tashi, ƙaramar tsaga kan rufe da damina. Kada dai a cusa mata siminti ko a ɗaure ta da ƙusa, kuma a nisanta shi da taga.

Mu fa a ƙasa muke cin abinci.

To wa ya ce dole sai tebur? Shimfiɗa darduma, ki sayi tsohuwar kabad ta jera kwanuka, ki jingina ta da bango a kan bulo huɗu.

In turo hoto ka faɗa mini farashi?

A'a. Kawo shi shago.