Don Allah Ku Fitar Da Littattafan Gado Daga Cikin Leda

Tun da damina ta kankama, kusan duk gidan malaman da aikin duba tsaftar muhalli ya kai ni, in aka buɗe mini adakar littattafai wari ɗaya ne ke tarbata, warin funfuna. Alƙur'ani rubutun hannu na kakan kaka, kundin waƙoƙin ajami, wasiƙun sarakuna, takardun gonaki, duk an cusa su cikin baƙar leda an ƙulle baki tamau. In na tambayi dalili, amsar ba ta sauyawa: "Ai don kada ruwa ya taɓa su ne."

Na san niyyarku kyakkyawa ce. Wanda bai damu da gado ba, ba zai ma nemi ledar ba. Amma wallahi ledar nan ita ke kashe muku littattafai.

Takarda da fata suna shan danshin iska. In rana ta yi zafi su fitar da shi, in dare ya yi sanyi danshin ya kwanta a jikin ledar, ya sake komawa cikin takardar, tunda an toshe masa hanya. Ƙwayoyin funfuna kuwa suna yawo a iskar kowane ɗaki, ido ba ya ganinsu, kuma ba mai iya hana su shiga. Abin da suke jira kawai danshi ne da wurin da iska ba ta motsi. Masu aikin adana kayan tarihi sun ce da zarar danshin iska ya haura kashi 65 cikin ɗari, funfuna ta sami gida, kuma lokacin marka a watan Agusta muna wuce hakan nesa ba kusa ba. Takardar da ta jiƙe kuwa, kwana biyu zuwa uku sun isa funfuna ta kama ta.

Funfuna ba tabo kaɗai take yi ba, ci take yi. Tana cin takardar, tana cin ƙaron da aka haɗa tawada da shi, tana cin fatar gafaka. Na ga Alƙur'anin da ganyayensa suka manne da juna tun daga tsakiya, mai gidan ya sa yatsa zai raba, gefen shafin ya biyo hannunsa yana marmashewa kamar garin rogo. Jan wasalin ya bazu, ayoyi sun ɓace ƙarƙashin wani kore-kore mai gashi. Dattijon bai ce komai ba, sai salati. Mahaifinsa ya ajiye littafin nan shekara da shekaru a gafaka rataye a bango lafiya lau. Leda ta gama da shi a 'yan damina kaɗan.

Ku dubi abin da ya faru a Mali. A 2012 da 'yan bindiga suka mamaye Timbuktu, iyalan da ke riƙe da tsofaffin littattafai, bisa jagorancin Abdel Kader Haidara, sun kwashe dubban ɗaruruwansu a akwatunan ƙarfe, a ɓoye, zuwa Bamako. Sun tsira daga wuta, sai ga wata sabuwar barazana. Littattafan da busasshiyar iskar hamada ta tsare ƙarni bayan ƙarni sun iso gari mai ruwa da danshi, dole aka nemo na'urorin tsotse danshi, aka riƙa yi wa kowane littafi akwatinsa na kwali. Kwali fa, ba leda ba.

Sannan ga abin da ya fi ɓata mini rai. An kwance ledar, an ga funfuna, sai Malam ya kai baki ya hure ta, ko a miƙa wa almajiri ya kakkaɓe a cikin ɗaki ƙofa a rufe. Haba Malam! Wannan ƙurar cikin huhu take tafiya. Mai asma tana iya tayar masa da ciwo nan take, wasu kuma atishawa, ƙaiƙayin ido da tarin da ba ya jin magani. Tsofaffi, yara da masu raunin garkuwar jiki su ne suka fi shiga haɗari. Hajiya, ke ma da ke ƙunshe alkyabba da aikakkiyar rigar maigida a leda ƙarƙashin gado, da ke nake. Zare da fatar sirdi duk abincin funfuna ne.

Abin yi ba ya cin kuɗi:

- A cire leda yau, ba gobe ba. A naɗe da farin ƙyalle na auduga, wankakke busasshe.
- A ɗaga adaka daga ƙasa a ɗora kan benci, a janye ta daga jikin bango, a nisanta ta da inda rufi ke yoyo.
- Ranar da gari ya washe a buɗe adaka da tagogi, iska ta ratsa.
- Wanda ya riga ya kamu a ware shi daban. A shanya a inuwa, kada a baza shi a rana, domin rana tana kodar da tawada ta busar da fata har ta tsage.
- Sai ya bushe sarai a share da burushi mai laushi, a waje, da takunkumi da safar hannu.
- Ban da jiƙaƙƙen tsumma, ban da kananzir, ban da fesa turare ko maganin sauro, ban da salatif.

Ganyen da ya manne kada ku ɓamɓare shi da ƙarfi, ku bar shi yadda yake ku nemi masu sani. Akwai wuraren da ke riƙe da irin waɗannan takardu, kamar Arewa House a Kaduna, Gidan Makama a Kano da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ku je ku nemi shawara. Wanda ke lafiya kuma a ɗauki hoton kowane shafi da waya, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Wanda ya yi aikin kakkaɓa tari ya kama shi ko numfashi ya yi masa wuya, ya zo asibiti ya faɗi abin da ya taɓa. Kuma ledar da kuka cire, a jefar da ita, kada in dawo in tarar an mayar.