Dillancin tufafi da kayan ado a Kaduna

Dillancin tufafi ciniki ne da mutum ke ba wani suturar da ya daina sawa, ko wadda ya saya bai taɓa sawa ba, ya sayar masa, mai sayarwar ya cire la'adarsa ya miƙa masa sauran kuɗin. Mai shago ko dillaliya ba su sayi kayan ba, kuma ba kyauta aka ba su ba. Amana ce a hannunsu har ranar da aka saya, ko mai abu ya zo ya karɓi abinsa. A Amurka ana kiran wannan tsari consignment, kuma akwai shaguna na musamman da ba su da wani aiki sai shi. A Kaduna an fi ganin sa a hannun dillalai mata masu shiga gida-gida, da wasu shagunan sutura da ke karɓar kayan mutane su jera tare da nasu, da kuma masu tallar kaya a WhatsApp da Instagram.

Bambancinsa da gwanjo

Mutane da yawa kan haɗa shi da gwanjo, tunda duka kaya ne da suka taɓa shiga hannun wani. Bambancin yana wajen mallaka. Ɗan gwanjo dila yake saye a ɗaure, bai san abin da ke ciki ba sai ya yanke igiya, sannan ya ware lamba ɗaya da lamba biyu da tarkace. Kayan nasa ne, riba tasa, asara tasa, shi ya sa yake iya karyar da farashi da yamma don ya tashi. Mai dillanci ba shi da wannan ikon, domin kowace riga da ke rataye a shagonsa tana da mai ita, kuma mai ita ta faɗi kuɗin da ba za a sauka ƙasa da shi ba.

Asalin kayan ma daban ne. Yawancin gwanjo daga Turai da Amurka da Asiya yake fitowa, kuma duk da cewa tufafin gwanjo na cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta Najeriya ta haramta shigowa da su, suna shigowa ta Kwatano da Lome. A Kaduna an san Kasuwar Barci da ke Tudun Wada da wannan sana'a tun kafin gwamnatin jihar ta rushe ta a 2020 don sake gini, haka kuma ana baza shi a kasuwar Talata ta Kawo da kasuwar Litinin ta Kakuri. Kayan dillanci kuwa daga akwatunan mutanen gari suke fitowa: leshi da atamfa da shadda, abaya, mayafi, jaka, takalmi, agogo, sarƙa da 'yan kunne, wani lokaci har babbar riga mai aiki ko alkyabba. Ɗinkin gida ne akasari, irin wanda ba a samun sa a dilar gwanjo ko an yanke dila ɗari.

Kaduna, garin da masaƙunsa suka taɓa tufatar da Arewa, shi ne ya koma haka. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, ciki har da United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, kuma tun daga lokacin yadin da ake sawa a garin ya zama kusan duk na waje ne, farashinsa na bin dala. Da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, sabon leshi da shadda suka yi tsadar da ta sa abin da ke kwance a akwati ya zama dukiya.

Dillaliya

Tun kafin a san shago mai gilashi, dillaliya ce ke wannan aiki. Matar aure da ke cikin kulle ba ta zuwa kasuwa, don haka wata mace, galibi dattijuwa ko bazawara da aka yarda da ita, ke ɗaukar ƙunshin kaya daga wannan gida zuwa wancan. Ita ce ta san wadda aka kawo wa lefe mai yawa har wasu turamen suka yi mata kama da juna, da wadda ke neman kuɗin makarantar yara, da wadda ke haɗa wa 'yarta kayan aure ba ta da ƙarfin sabo.

Babban jarinta rufin asiri. Ba ta faɗin mai kaya. Macen da ta fitar da leshinta saboda matsi ba ta son kishiya ko dangin miji su ji, mai saye ma ba ta son a nuna ta a wurin biki a ce kayan wance ne a jikinta. Saboda haka dillaliyar da ta san aikinta kan nisanta kaya daga inda suka fito: abin da ta karɓo a Unguwan Rimi ko Malali sai ta kai Rigasa ko Kawo, ko ta aika Zariya. Anko ya fi komai wahala a nan, domin mutum hamsin sun sa irinsa rana ɗaya kuma hotuna suna wayoyin jama'a.

Masu talla a waya sun gaji wannan aiki ba tare da sun gaji dukkan ladubbansa ba. Hoto ya fi ƙunshi saurin yawo, amma idan an ɗora shi kowa na gani, har da wadda ta ba da kyautar kayan tun farko.

Yarjejeniya da farashi

Hanyoyi biyu aka fi bi. Ta farko, a yanka wa mai sayarwa kaso daga kuɗin da aka sayar. Ta biyu, mai kaya ta ce, "Ki kawo min kaza, abin da ya hau naki ne." A misali, idan mai leshi ta ce a kawo mata naira 60,000, dillaliya ta sayar 75,000, to 15,000 nata ne. Hanya ta biyu ta fi sauƙin lissafi amma ta fi haifar da zargi, domin ranar da mai kaya ta ji ainihin kuɗin da aka biya, sai ta ga kamar an ci da guminta, ko da ita ta furta sharaɗin da bakinta.

Wurin tayi ne mai saye ke gane cewa kayan na da mai su. Sai a ji:

"Hajiya, a yi min ragi mana, ai an sa shi."

"Wallahi ƙanwata kayan mutane ne. Sau ɗaya ta sa, dubi wuyan. Tsaya in kira ta, in ta sallama shi ke nan."

Kiran nan wani lokaci na gaske ne, wani lokaci dabarar kasuwa ce. Ko ta yaya, tayi a wurin dillanci ba ya sauka kamar na gwanjo, kuma wanda ya taya rabin kuɗi "albarka" kawai zai ji. Lokacin da farashi ke sauka shi ne idan kaya sun daɗe mai su ta ƙosa, ko bayan Sallah da ƙarshen hidimar bukukuwa. Kafin Sallah kuwa, da lokacin hunturu ga masu neman suwaita da jaket, mai saye ne ke bin mai sayarwa.

Shagunan Amurka sun mayar da wannan duka a rubuce. Akan sa wa'adin kwana 60 zuwa 90, shago ya riƙe wajen kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, kuma a riƙa rage farashi mataki-mataki idan kaya sun ƙi tafiya. Kason ya yi yawa idan aka gwada da la'adar dillaliya, amma shagon ne ke biyan haya da ma'aikata da tantance kaya.

A fiƙihu

Malamai sun tattauna wannan ciniki a babin wakilci da ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, da ji'ala, wato alkawarin lada ga wanda ya kammala wani aiki. Buhari ya kawo a babin ladan dillanci cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifin ladan dillali ba, kuma Ibn Abbas ya ce babu laifi mutum ya ce a sayar masa da tufa, abin da ya ƙaru a kan kaza na mai sayarwa ne. Malamai da dama ba su bi wannan magana ta Ibn Abbas ba, saboda ladan ba sananne ba ne lokacin ƙulla magana. Imam Malik, wanda mazhabarsa ce aka fi bi a ƙasar Hausa, ya halatta a ambaci farashi a kuma ambaci lada sananne, in an sayar a biya, in ba a sayar ba babu komai. Amma a cikin Muwaɗɗa ya ƙi a ce wa mai sayarwa yana da kaza a kowane dinari, domin duk dinarin da ya ragu daga farashi ladansa ya ragu, wannan kuwa garari ne, wato rashin tabbas a ciniki. Malaman zamani da yawa sun sauƙaƙa a kan kaso idan an san shi tun farko.

Abin da babu saɓani a kai shi ne haramcin ɓoye aibi, da haramcin sa wani ya yi tayin ƙarya don a ɗaga farashi. Mai saye da ya ga aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. Akwai kuma batun gado: tufafin mamaci na cikin dukiyar da za a raba, don haka ba a fitar da su dillanci sai da yardar magada.

Abin da mai saye ke dubawa

Gogaggun masu saye ba sa duba kaya a cikin ɗaki ko ƙarƙashin fitilar shago. Sukan fito da shi haske, su juya shi bai-bai. Hammata da wuya da bakin hannu ne ke fara tona shekarun riga: nan gumi ke barin rawaya, nan turare ke barin tabo, musamman turaren mai a kan farar shadda. Sai a ja ɗinki a hankali a ga ko zare ya saki, a zuge zif sama da ƙasa, a duba ko tela ya bar sarari a cikin ɗinkin. Wannan sararin shi ne ke nuna ko za a iya buɗa rigar. Wadda aka yanke daidai jikin mai ita ba ta gyaruwa sai dai a rage.

Atamfa ta gaske launinta kusan ɗaya ne ciki da waje, ta kwaikwayo kuwa bayanta fari-fari ne. Turmi yadi shida ne, kuma idan ba a ɗinka ba akan auna, domin ana samun wanda aka gutsure ɗankwali daga jikinsa. Vlisco na ƙasar Holan, wanda aka kafa a 1846, yana buga sunansa da lambar zane a gefen yadi, amma masu jabu ma sun iya kwaikwayon wannan, don haka hannu da ido sun fi rubutu. Haka abin yake ga shaddar Getzner ta Ostiriya: sitaci da bugu na iya sa shadda mai araha ta yi ƙyalli na rana ɗaya, wanki na farko ne ke raba gardama. A leshi, duwatsun da aka manna da gam ne ke fara zubewa, kuma gurbinsu na nan a fili ga mai lura.

Jaka da takalmi sun fi yaudara. Fatar roba da ta daɗe a ajiye cikin zafi takan yi kyau a ido, a fara riƙewa ta soma ɓarewa. Akan lanƙwasa hannun jaka a ga ko zai tsage, a shinshina cikinta saboda fumfunar damina, a murɗa tafin takalmi a ga ko gam ya bushe. Lambar takalmi da ta riga kuma ba ɗaya ba ce ko'ina: takalmin maza lamba 8 a Ingila ya yi daidai da wajen 42 a Turai, rigar mata lamba 12 a Ingila ita ce 8 a Amurka. Awo da tef ya fi dogaro da lamba.

Gwal ba ya bin wannan tsari sosai, tunda awo ake yi da giram a kan farashin ranar. Hatimin 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22, amma hatimi ba hujja ba ne sai maƙeri ya gwada.

Kafin a sa, a wanke. Ƙwayar ƙazuwa ba ta wuce kwana biyu zuwa uku a raye idan ta rabu da jikin mutum, kuma ruwan zafi da guga na kashe ta tare da ƙwarƙwata. Abin da ba ya son ruwa akan ɗaure shi a leda na kwanaki. Kuɗin cizo ya fi su juriya, yakan ɓuya a ɗinkin jaka da akwati.

A ƙasashen waje

Intanet ta mayar da sana'ar babbar harka. An kafa Vestiaire Collective a Faris a 2009, ThredUp a Amurka a shekarar, sai The RealReal a San Faransisko a 2011, wanda ke karɓar kaya masu tsada ya tantance ya sayar ya cire kasonsa. Vinted, da aka fara a Lituweniya a 2008, ya bambanta: mai kaya ne ke sayarwa da kansa, kamfanin haɗa su kawai yake yi.

Saɓani da doka

Rigimar da ta fi yawa ita ce ta jinkirin kuɗi: an sayar, dillaliya ta juya kuɗin a wani cinikin, mai kaya na ta aike. Sai ta bashi, inda aka ba mai saye kaya a kan biya kaɗan-kaɗan ba da sanin mai su ba. Sai ta ɓata ko lalacewa. Ƙa'idar fiƙihu ita ce wanda aka ba amana ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka umarce shi, amma tabbatar da sakaci na da wuya idan babu rubutu ko shaida. Shi ya sa shagunan da suka daɗe a harkar ke rubuta kowane kaya a littafi, da ranar karɓa da kuɗin da aka amince da wa'adi, su ɗauki hotonsa a gaban mai shi.

Kayan sata ne haɗari mafi girma ga mai shago da mai saye baki ɗaya. Dokar Penal Code ta Jihar Kaduna ta 2017 ta ɗauki karɓar kayan da mutum ya san na sata ne, ko yake da dalilin zaton haka, a matsayin laifi, kuma idan mai abu na asali ya bayyana da hujja, wanda ya saya kan rasa kayan ya koma bin wanda ya sayar masa. Saboda haka dillalai kan ƙi karɓar agogo ko sarƙa ko leshi mai tsada daga hannun yaro ko 'yar aiki sai sun ji daga bakin uwar gida, kuma a kan kaya masu tsada sukan nemi rasit ko wanda zai tsaya wa mai kawowa.