Space Dandy: Tambayoyi da Amsoshi kan Shirin Barkwancin Sararin Samaniya da Kiɗansa

Mene ne Space Dandy, kuma su wane ne suka shirya shi?

Space Dandy shirin zane mai motsi ne na ƙasar Japan, irin wanda ake kira anime, wanda kamfanin Bones ya fitar a shekarar 2014 cikin zango biyu, kowane zango yana da kashi 13. Shinichiro Watanabe ne babban mai ba da umarni, Shingo Natsume kuma shi ne ya jagoranci aikin tare da shi. An fara haska shirin a Amurka da muryoyin Turanci ranar 4 ga Janairu 2014, a Toonami, wani sashen talabijin da ke nuna zane mai motsi, kafin mutanen Japan su gan shi a tasharsu ranar 5 ga watan, abin da ba a saba gani ba a wancan lokaci.

Wane labari yake ɗauke da shi?

Dandy mafarauci ne, amma ba namun daji yake farauta ba. Sana'arsa ita ce yawo daga wannan duniya zuwa waccan yana neman baƙin halittu waɗanda ba a taɓa gani ba, ya kai su ofishin rajista a biya shi lada. Mutum ne mai ji da kansa, mai gashi da ya tayar gaba kamar zankon zakara, kuma a mafi yawan lokuta aljihunsa wayam yake, domin duk halittar da ya kai sai a ce masa an riga an san ta. Abokan tafiyarsa biyu ne: QT, wani tsohon mutum-mutumi mai aikin shara wanda ya fi maigidansa hankali, da Meow, ɗan duniyar Betelgeuse mai kama da kyanwa, malalaci wanda ba ya rabuwa da wayarsa. A bayansu akwai Dakta Gel na daular Gogol, wanda yake bin sawun Dandy ba dare ba rana, alhali shi Dandy bai ma san ana nemansa ba.

Me ya sa jaruman suke mutuwa a wani kashi, sannan a gan su lafiya lau a na gaba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun sabon mai kallo, domin tun a ƙarshen kashi na farko Dandy da abokansa suka halaka, amma da mako ya zagayo sai ga su a jirginsu suna neman taliyar ramen kamar babu abin da ya faru. A kashi na 4 kuwa dukkansu suka zama matattu masu tafiya, har cutar ta game sararin samaniya baki ɗaya, aka kuma nuna yadda suka ci gaba da zaman lafiya suna shan yogot. Amsar tana cikin waƙar rufe shirin, wadda Etsuko Yakushimaru ta rera, inda ake kiran sunan Everett. Hugh Everett masanin kimiyyar fiziya ne ɗan Amurka wanda a 1957 ya kawo ra'ayin cewa duniyoyi da yawa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowace da irin sakamakon da abu ya haifar a cikinta. Saboda haka Dandyn da ya mutu a wata duniya yana nan da ransa a wata, kuma zango na biyu ya fito da wannan batu fili tun daga kashinsa na farko, inda Dandy ya yi karo da wasu Dandy daban-daban. Abin da ya fi burge ni shi ne an ɓoye mabuɗin labarin gaba ɗaya a cikin waƙar da mutane da yawa suke tsallakewa idan kashi ya ƙare.

Wane ne ya yi kiɗan shirin?

Ba mutum ɗaya ba ne, kuma a nan ne shirin ya sha bamban da ayyukan Watanabe na baya. A Cowboy Bebop na 1998, Yoko Kanno ce ta riƙe kiɗan da salon jaz, a Samurai Champloo na 2004 kuma makaɗan hip-hop irin su Nujabes ne suka ba shirin sautinsa. A Space Dandy sai aka tara makaɗa masu yawa a ƙarƙashin suna guda, wato Space Dandy Band, cikinsu har da ita Kanno, da Taku Takahashi, da mabanua, da Shutoku Mukai, da ƙungiyar Mountain Mocha Kilimanjaro. Haka aka yi a ɓangaren zane ma, domin an gayyato masu ba da umarni daban-daban, irin su Masaaki Yuasa da Eunyoung Choi da Sayo Yamamoto, aka sakar wa kowa mara ya zana Dandy yadda ya ga dama. Shirin da kamanninsa suke sauyawa kowane mako ba zai dace da makaɗi guda ba, komai gwanintarsa. Kamfanin FlyingDog ya tattara kiɗan ya fitar da shi a kundi biyu a cikin 2014.

Wane irin sauti mai sauraro zai ji?

Zai ji sautin shekarun 1970 da 1980: fank da disko, jita mai kauri da ke bugun ƙirji, ƙahonnin ƙarfe, da tsofaffin na'urorin kiɗa na lantarki. Taken buɗe shirin, Viva Namida, na Yasuyuki Okamura ne, mawaƙin da ya yi tashe a Japan tun shekarun 1980 kuma ake yawan kwatanta salonsa da na mawaƙin Amurka Prince. Kalmar namida hawaye take nufi a Japananci, wato waƙa ce ta rawa da ke yi wa hawaye kirari, kuma wannan haɗin na murna da baƙin ciki shi ne halin shirin kansa. Ko sunan jirgin Dandy, Aloha Oe, daga wata tsohuwar waƙar bankwana ta tsibirin Hawai aka ɗauko shi, wadda Sarauniya Liliuokalani ta tsara.

Shin kiɗan yana shiga cikin labarin kansa, ko ado ne kawai?

Yana shiga ƙwarai, musamman a zango na biyu. A kashi na 17 Dandy ya shiga wata makarantar sakandare inda darajar ɗalibi take rataye a kan iya waƙa da rawa, sai aka mayar da kashin wasan waƙa, ɗalibai suna bayyana matsayinsu da baiti. A kashi na 20, wanda Sayo Yamamoto ta ba da umarni, Dandy ya kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Dropkix tare da wani Johnny, ba tare da ya san cewa abokin nasa shi ne shugaban daular Jaicro ba. Mutanen biyu suka ɓata lokacinsu wajen gardama kan sunan ƙungiya da mafarkin shahara maimakon atisaye, amma da ranar hawa dandamali ta zo, waƙar da Shutoku Mukai ya tsara musu ta fito da ƙarfinta, ba a yi mata riƙon wasa ba. A ganina sirrin barkwancin shirin ke nan: jaruman suna wauta, amma makaɗan suna aikinsu da gaske, har mai kallo ya tsinci kansa yana dariya yana kuma kaɗa kai.

Kashi na 21 ya juya akalar gaba ɗaya. Dandy ya farka a duniyar Limbo, wurin da mazaunansa sun riga sun mutu, ana tafiya a hankali cikin hazo da shiru, kiɗan jita mai sanyi yana biye da shi. Wanda ya saba da hayaniyar sauran kashin zai ji kamar an kai shi wani gari ne daban.

Shiri ne na yara?

A'a. Kasancewarsa zane bai sa ya dace da yara ba, domin wurin cin abincin da Dandy ya fi so yana da ma'aikata mata masu shigar da ba ta rufe jiki, kuma akwai kalaman barkwanci na manya, musamman a kashin farko-farko.

Daga ina ya kamata sabon mai kallo ya fara?

Tun da kowane kashi yana tsaye da ƙafarsa, ba dole ba ne a bi su a jere, sai dai a bar kashi na 26 ya zama na ƙarshe. Wanda kashi na farko bai yi masa ba, ya gwada na 5, inda Dandy ya kama wata ƙaramar yarinya mai suna Adélie domin ya karɓi lada, amma tafiyarsu ta koma neman kakanta. Daga nan sai na 10, inda jirgin ya lalace a garin su Meow, rana guda ta yi ta maimaita kanta, Meow kuma ya samu damar sake duban mahaifinsa da ƙaramar masana'antar ƙarfen da ya guje wa gada.